Mai Rewaya da Gilashin Baya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar bayan Golf daga tashar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ya san su, ko da bai taɓa tambayar amfaninsu ba. Wasu siraran layuka ne masu ruwan ƙasa, a kwance jere da juna a jikin gilashin baya, goma sha wani abu, kowanne bai kai kaurin tsinken ashana ba. Wasu fasinjoji kan ce ado ne. Wasu kan ce eriyar rediyo ce, kuma a wasu motocin sun yi gaskiya, domin akwai kamfanonin da ke haɗa eriya a cikinsu. Amma ainihin aikinsu ɗumama gilashi ne. Hita ce aka shimfiɗa a fuskar gilashin, wadda ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, ba ta kuma tare wa direba gani.

Wani zai ce mece ce hita a ƙasar da rana ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu. Gaskiya ne Turawan da suka fara sa ta a motoci, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, ƙanƙara suke gudu, irin wadda ke daskarewa a gilashi cikin dare. Mu ba mu da wannan, amma muna da marka. A watan Agusta direba ya yi lodi da asuba, mutum shida ko bakwai a mota, tufafi a jiƙe, tagogi a rufe saboda ruwa, kowa na numfashi. Iskar cikin mota ta yi ɗumi ta cika da laima, gilashi kuwa ruwan sama ya sanyaya shi daga waje. Inda duk iska mai ɗumi da laima ta taɓa abu mai sanyi, nan raɓa ke kwanta. Kafin a kai Badarawa gilashi ya yi fari fat. Na gaba direba kan goge shi da tsumma, ko da hularsa in ta kama. Na baya hannunsa ba ya kaiwa, madubin tsakiya ya zama bai da amfani ke nan. A hanya irin tamu, wadda shekarun nan na rashin tsaro suka sa direba ke son sanin wa ke bayansa tun daga nesa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Da hunturu abin da sauƙi, don iskar busasshiya ce kuma ƙura ta fi damun mutane, ko da yake wanda ke sammako ta gefen fadamun Gagare da Bunsuru ya san gilashi na yin gumi a lokacin ma.

Layukan nan ba wayoyi ba ne da aka cusa cikin gilashi. Garin azurfa ake kwaɓawa da garin gilashi, a buga shi a fuskar ciki kamar yadda ake buga rubutu a riga, sannan a gasa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 600, lokacin da ake ƙarfafa gilashin kansa. In ya fito, azurfar ta kama ram. A gefen dama da na hagu akwai faffaɗan layi guda-guda a tsaye, kowanne da ɗan kunnen ƙarfe da ake maƙala waya. Wuta na shiga ta kunne ɗaya, ta rarrabu cikin siraran layukan, ta taru a ɗaya gefen ta fita. Mai lambun albasa a fadamar Shinkafi zai gane tsarin nan take: babbar hanyar ruwa ce ke ba kowane fangali nasa, in bakin ɗaya ya toshe sauran na ci gaba da sha. Shi ya sa ake ganin gilashin da ya washe ko'ina sai ɗamara ɗaya ta raɓa a tsakiya. Layi ɗaya ne ya yanke, sauran lafiya lau.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne sirantar layukan. Ana zaton abin da bai kai tsinke ba ba zai ci wuta ba. Alhali gilashin ƙaramar mota kan ja amfiya 10 zuwa 20 daga batir mai bolt 12. A ɗauki 15 a tsakiya: wat 180 ke nan. Manyan fitilun gaba, in ƙwai mai wat 55 ne a kowane gefe, su biyun a haɗe wat 110 suke ci. Wato gilashin nan da ba ya ko haske ya fi fitilun mota biyu cin wuta. Daga wannan lissafin duk sauran aikin ya taso, kuma a nan ake bambance gwani da mai ƙulla waya.

A garejojinmu sana'a kashi-kashi ce. Bakanike na da inji da giya, mai bugun bodi na da guduma da gas, mai ɗinkin kujera na da kekensa. Duk waɗannan abin da suke gyarawa ido na ganinsa: ƙarfe ya karye, mai na zuba, fata ta yage. Mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, shi kaɗai ke bin abin da ba a gani. Kayan aikinsa kan shiga leda ɗaya: tasta, wato ɗan ƙwai da aka ɗaura wa waya da tsinin ƙarfe, filaya, sukundireba, salatif, darma da ƙarfen narka ta, sai mita ga wanda ya samu hali. Ragowar kayan aikin a kansa suke.

Dattawan sana'ar a ƙasar nan a kan Fijo suka buɗe ido. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, ba a daina yin ta a Kaduna ba sai 2006, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Wayoyinta kaɗan ne, yaro mai hankali na iya haddace su. Sai ga motocin Kwatano sun cika ƙasa ta Maraɗi da Jibiya da Illela, kowace da yaren ƙasarta. Bajamushiyar mota irin Golf, waya mai ruwan ƙasa ita ce at, wato hanyar da wuta ke komawa batir, ja ita ce wutar batir kai tsaye, baƙa kuwa ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Toyota at ɗinta fara ce mai baƙin zane. Fijo ta fi dogara da lamba a jikin waya. Babu wanda ya kawo wa mai rewaya littafin waɗannan motoci da Hausa, galibi ma babu wanda ya kawo masa shi da kowane harshe. Da tasta ya karanta su, mota bayan mota, har ya zama in ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya san ƙasar da aka ƙera motar kafin ya dubi tambarinta. Ni a wurina wannan ilimi ne cikakke, kuma ban yarda a kira mai shi jahili ba don bai riƙe takarda ba.

Inda wannan ilimi ya fi fitowa fili, a duk ayyukan gilashi, shi ne a buɗaɗɗiyar mota, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. Irinta ba ta da yawa a wajenmu. Sai jefi-jefi ake ganinta, ranar ɗaurin aure ko yawon Sallah, yawanci an zo da ita daga Kano ko Kaduna ko Abuja. Tsofaffin irin waɗannan motoci da dama tagarsu ta baya roba ce mai haske da aka ɗinka a jikin tamfol, wadda rana ke mayarwa rawaya har ta tsage. Roba ba a sa mata hita. Marsandi SL ta 1971 zuwa 1989 haka rufinta na tamfol yake, sai a rufin ƙarfen da ake ɗorawa ne ake samun gilashi mai layuka. BMW ta shekarun 1990 fanka aka sa mata tana hura wa robar iska. Mazda MX-5 ta fito da tagar roba a 1989, ba ta samu gilashi mai hita a tamfol ɗinta ba sai sabon samfurin 1998, shi ya sa masu tsohuwar a Turai da Amurka ke sayen sabon rufi su ɗora, sai su tarar da kunnuwan ƙarfe biyu suna jiran waya. Golf mai buɗaɗɗen kai, wadda kamfanin Karmann ya ƙera a garin Osnabrück na Jamus daga 1979 zuwa 1993, ita da gilashinta mai layuka ta zo.

Irin wannan Golf ɗin na ga ana yi wa aiki a wani gareji a Ƙaura, a farkon wata damina. Wani saurayi ne ya zo da ita bikin ɗan'uwansa. An taɓa sake mata tamfol, mai ɗinkin ya mayar da tsohon gilashin daidai, amma wayoyin da suka tare masa hanya ya datse su ya tura cikin bodi. Makunnin da ke gaban direba ma an daɗe da cire shi an sa wa wata fitilar ado. Saurayin so yake a gama kafin azahar.

"Baba, ba sai a ɗauko wuta daga fitilar baya ba? Ga ta nan kusa."

"Ana yi, ɗana," in ji mai rewayar, dattijo ne da furfura a gemu. "Amma ba ga hannuna ba. Wayar fitilar baya ƙwai biyu ƙanana aka yi ta don su. In ka ɗora mata wanga gilashi, ko fis ya tashi, ko ita ta narke."

Bai fara da waya ba. Gilashin ya fara aunawa, domin babu amfanin kai wuta ga abin da ya mutu. Ya ɗora mita a kunnuwan biyu, ta nuna abin da bai wuce om ɗaya ba, alamar yawancin layukan na raye. Da ta nuna babu hanya sam, da ya san ko kunne ya rabu da azurfa ko duk layukan sun yanke. Sannan ya ta da inji ya auna batir: a kashe 12.6, inji na tafiya ya haura 14 kaɗan. Wato altaneta na caji, za ta iya ɗaukar sabon nauyi. Motar da cajinta ke da rauni, in aka ƙara mata wat 180 a daren da waifa da fitilu da fanka ke aiki, a hanya za ta kwana.

Daga nan sai zanen hanya, kuma da yatsa ya yi shi a kan ƙurar bonet don yaransa su gani. Hanyoyi biyu ne, babba da ƙarama, ba sa haɗuwa sai a cikin wani ɗan baƙin akwati da bai wuce kwalin ashana ba, wato rile. A gindin rile akwai ƙafafu huɗu, kowace da lamba: 30, 87, 85, 86. Lambobin nan daga wani tsarin Jamusawa suka fito mai suna DIN 72552, kuma duniya ta karɓe su, har rilen da aka yi a Sin ko Indiya ma su ne a jikinsa. Babbar hanya ta taso daga kan batir, ta ratsa fis, ta shiga 30, ta fita ta 87, ta miƙe har kunnen gilashi. Ƙaramar kuwa ta taso daga wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli, wadda Jamusawa ke ba lamba 15, ta bi ta makunnin gaban direba, ta shiga 86, ta fita ta 85 zuwa at. A cikin akwatin akwai naɗin siririyar waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta ratsa shi. Abin da yake ci bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba, amma ya isa ya jawo ɗan harshen ƙarfe ya haɗa 30 da 87. Ƙas ɗin da ake ji in an danna makunni, shi ne wannan.

Hikimar a bayyane take ga wanda ya tsaya ya duba. Yatsan direba na taɓa 'yar ƙaramar wuta ne kawai, babbar ba ta zuwa kusa da robobin gaban mota. Makunni ba ya zafi, ba ya narkewa. Kuma tunda ƙaramar hanya a bayan makulli take, da an kashe mota hita ta mutu, ko direba ya tuna ko ya manta. Wanda ya haɗa gilashi kai tsaye da batir, ranar da aka bar shi a kunne aka shiga kasuwar Shinkafi ta Alhamis, kafin la'asar sai turi. Motocin da suka zo daga baya ma rile mai agogo ake sa musu, ya kashe kansa bayan minti 10 zuwa 15, tunda a lokacin raɓa ta riga ta tafi.

Fis ɗin ya sa shi dab da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Na tambaye shi dalili, tunda a cikin mota ya fi sauƙin canzawa. Ya ce fis ba gilashi yake tsaro ba, waya yake tsaro, kuma duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. In ta goge da ƙarfe a nan, babu abin da zai tsayar da wutar sai ta ci abin da za ta ci. Ya zaɓi rawaya, mai amfiya 20. Launukan nan yaren duniya ne su ma: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Waya kuma ya ƙi wadda yaronsa ya fara miƙo masa, ya sa aka kawo mai kaurin 2.5, ya feƙe bakinta ya karce silin da wuƙa. In cikin ya yi ja, tagulla ce. In ya yi fari, alminiyom ne aka shafa wa ruwan tagulla, irin da ya yi yawa a kasuwa yanzu, wanda ke zafi da wuri kuma yake karyewa in an lanƙwasa shi. Araha ba ta ado, balle a wayar da za ta bi ta ƙarƙashin kafet ɗin da yara ke zama a kai.

Duk wannan, gwanin rewaya ko'ina zai yi shi a kowace mota. Abin da ya keɓanta da mai tamfol abu biyu ne, kuma a kansu dattijon ya ɓata mafi yawan lokacinsa.

Na farko at. A motar da ke da rufin ƙarfe, gajeriyar waya ce daga kunne na biyu zuwa kusa mafi kusa a bodi, shi ke nan, tunda ƙarfen motar gaba ɗaya shi ne hanyar da wuta ke komawa batir. Yaron da ke taya shi ya ɗauko 'yar guntuwa zai ɗaure a sandar rufin.

"Kai, ina za ka kai ta?"

"Oga, ga ƙarfe nan."

"Ƙarfe ne, amma bi shi da ido. Ina ya ƙare?"

Ya ƙare ne a gaɓoɓin da ke naɗewa, masu giris da fenti da zoben roba a tsakani. Tasta kan iya kamawa a wurin yau, gobe in an naɗe rufi an buɗe ta ƙi. Wuta mai yawa in ta matsa ta bi ta irin wannan gaɓa, zafi take yi tana cin ƙarfen. Don haka at ɗin ma sai da aka ja masa tasa wayar, kaurinta ɗaya da mai kawo wuta, har cikin bodi. A can ya kankare fenti sai da farin ƙarfe ya fito, ya ɗaure da noti da washa mai haƙora, ya shafe da giris saboda tsatsa. Ya ce rabin motocin da ake kawo masa da sunan wuta ba ta zuwa, wutar ta zo, hanyar komawa ce babu.

Na biyu motsi. Gilashin nan ba a zaune yake ba. Duk sanda aka buɗe rufi sai ya sauka ya kwanta a bayan kujera, in an rufe ya tashi. Wayar da ke biye da shi dole ta lanƙwashe ta miƙe sau ɗaruruwa ba ta karye ba, ba ta shiga tsakanin ƙarafa an datse ta ba, ba ta kuma ja kunnen gilashi ba. A nan na ga haƙurin da ban taɓa gani ba a gareji. Ya ɗaura wayoyin sako-sako da zare, ya sa yara biyu suna naɗe rufin a hankali suna buɗewa, shi yana tsugune da tocila yana kallon inda waya ke miƙewa da inda take taruwa. Ya kwance, ya matsar, a sake. Bai bar ta ta lanƙwashe a wuri ɗaya kamar gwiwa ba, sai ya ba ta lanƙwasa mai faɗi kusa da inda sandar ke juyawa, domin a nan motsi ya fi ƙanƙanta. Ya zura ta cikin tiyo na roba a duk inda za ta taɓa ƙarfe. Kusa da gilashi ya kama ta a jikin tamfol da ɗinki biyu, yadda in an fizga, ɗinkin ne zai ji, ba kunnen ba. Kunnen nan in ya ɓalle, mayar da shi aiki ne mai hatsari: gilashin baya gasasshe ne, in zafin darma ya daɗe a wuri ɗaya yana iya tarwatsewa gaba ɗaya ya zama tsakuwa, kuma na irin wannan mota ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna sai an sha yawo. Gwani kan bar gilashin ya sha rana ya yi ɗumi tukuna, ya shafa wa kunnen darma tun a waje, sannan ya ɗora ya taɓa na 'yan daƙiƙu ya ɗauke hannu.

Ya kuma gargaɗi saurayin kada ya kunna hita rufi na naɗe, don gilashin na kwance ne cikin ninkin tamfol, zafi ba shi da mafita. Wasu kamfanonin kan sa ɗan makunni a ramin rufin da ke yanke ƙaramar hanya da zarar rufi ya sauka, kuma mai rewaya na iya yin irinsa da makunnin fitilar ƙofa. Ƙaramin ƙwai mai ruwan lemo a gaban direba, mai nuna hita na kunne, shi ma bai bari an tafi babu shi ba.

Gwajin ƙarshe ya fi komai burge ni. Mita ta nuna 12 a kunnen gilashi tun kafin a maƙala, amma bai gamsu ba. Ya ce mita ba ta cin wuta, saboda haka ko sili ɗaya ya rage a waya, ko mahaɗa ta yi tsatsa, za ta nuna maka 12 ta yaudare ka. Sai an ɗora nauyi gaskiya ke fita. Ya maƙala gilashin, ya kunna, ya sake aunawa yana aiki, ya gwada da abin da ke kan batir. Bambancin bai kai rabin bolt ba. Ya bi kowace mahaɗa da bayan yatsa yana neman ɗumi, domin mahaɗar da ta yi ɗumi ba ta ɗauru ba. Sannan ya aiki yaro wurin mai shayi ya aro buta tana tururi, aka rufe mota aka bar tururin ya kwanta a gilashi. Cikin minti biyu zuwa uku sai ga raɓa na janyewa daga kowane layi, sama da ƙasa, har suka haɗe. Ɗamara biyu suka rage.

Neman inda layi ya yanke wani karatu ne. Tsagar kan yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Ya yagi takardar azurfa ta kwalin sigari ya naɗe bakin tsinin mita don kada ya karce layin, ya ɗora ɗaya tsinin a gefen at. A tsakiyar lafiyayyen layi mita kan nuna rabi, wajen bolt 6, tunda wutar na raguwa ne a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. In ta nuna 12 a tsakiya, yankewar na tsakanin nan da gefen at. In ta nuna sifiri, tana ɓangaren da wuta ke shigowa. Sai ya ja tsinin a hankali a kan layin har inda lamba ta yi tsalle, ya ɗiga alama ta waje da alli. Mai tasta kaɗai ma na iya yi, yana kallon yadda hasken ƙwai ke dushewa. Maganin wani ɗan fenti ne mai azurfa a ciki: a goge wurin da sifirit, a manna salatif sama da ƙasa, a shafa, a bar shi ya kwana kafin a kunna. Ba shi da shi a ranar, ya kuma faɗa wa mai motar gaskiya, ya ce a nemo daga Kano.

Azahar ta wuce, la'asar ma ta wuce kafin a gama. Saurayin ya biya bai yi ciniki ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin motar 'yan gayu ne kawai. Kowace Golf da Sharon da ke lodi a tashoshin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi na ɗauke da irin wannan matsala, domin gilashinta a jikin ƙofar but yake, ƙofar kuwa ana ɗaga ta ana saukewa sau da yawa a yini. Wayoyin na bi ta cikin wata roba mai ninki a saman ƙofar, kuma a nan suke karyewa, sau da yawa ta ciki, bawon yana nan lafiya. Wanda ya san aiki nan yake fara dubawa, kuma ba ya ƙulli a daidai inda ake lanƙwasa. Yakan yanke gaba da baya ya sa sabon tsayi, mahaɗun su faɗa inda babu motsi. Su kuma layukan, abin da ke kashe su a wajenmu sananne ne: reza da ake kankare ledar baƙin gilashi ko hoton ɗan takara da ita, bakin kwano da jarka da buhun da ake dannawa har jikin gilashi ranar kasuwa, da yaron wankin mota da ke gogewa sama da ƙasa da busasshen tsumma mai yashi, maimakon ya bi layukan a kwance da laushi.

Ba zan ɓoye ba, sana'ar na da masu ɓata mata suna. Akwai wanda in fis ya tashi sai ya naɗa masa silin waya ya mayar, akwai mai murɗa wayoyi biyu da yatsa ya rufe da ledar burodi, akwai wanda kalmar da ya fi sani ita ce dairek. Motocin da muke gani sun kama wuta a gefen titi ba tare da karo ba, da yawansu daga irin wannan hannu suka fito. Amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mai mota da ke tsaye a kan mutum yana duba agogo, yana ƙin sayen rile da fis don kuɗinsu ya fi na ƙulli, shi ke koya wa yaro cewa gaggawa ta fi kyau. Gwanaye na nan a garuruwanmu, suna aiki a gindin bishiya, cikin shekarun da zuwa Gusau sayen kaya ma sai an yi shahada. A Ƙauran Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983. Ɗalibin da ya san lissafin om da amfiya a allo, da dattijon da ya san su a yatsa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kuɗin acaɓa ba, kuma kowannensu na da abin da ɗayan ke buƙata. Ya kamata kwalejin da ƙungiyoyin masu gareji su buɗe wannan ƙofa, a kuma taimaka wa yaran da aka yaye su zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, su samu shaidar abin da suka iya.

Direbobinmu kuwa, kafin marka ta kankama, ku duba gaban motarku. Akwai makunni mai hoton ɗan akwati da kibiyoyi uku masu lanƙwasa. Ku danna shi inji na tafiya, ku jira minti uku, ku taɓa gilashin baya da bayan hannu. In bai yi ɗumi ba ku kai wa mai rewaya, ku ba shi lokaci, kuma kada ku karɓi motar sai ya nuna muku inda ya sa fis da inda ya ɗaure at.